Gado da Tsammani: Sharhi a kan Ra'ayin Plomin game da Ƙoƙarin Yara a Makaranta

Manufar wannan maƙala ita ce a yi nazarin wata da'awa da ta yi ƙarfi a tsakanin wasu masana halayyar ɗan Adam na Ingila, wadda ta fito fili a littattafai biyu: G is for Genes, wanda Kathryn Asbury da Robert Plomin suka wallafa a 2013, da kuma Blueprint, wanda Plomin ya rubuta shi kaɗai a 2018. Da'awar ita ce, bambancin da ake gani tsakanin yara wajen karatu yawancinsa daga ƙwayoyin halittar da suka gada yake, kuma lokaci ya ƙarato da za a riƙa duba waɗannan ƙwayoyi tun yaro yana jariri don a san abin da za a sa rai zai yi a makaranta. Ba duk abin da littattafan suka ƙunsa za a taɓo ba. Za a tsaya ne a kan magana ɗaya, wato maganar yaron da ya zarce abin da aka yi tsammani daga gare shi, da kuma yaron da ya kasa kaiwa.

Babu malamin da bai san waɗannan yara biyu ba. Akwai wanda ya shigo aji da sakamako mai kyau, kowa yana cewa zai yi nisa, sai a wayi gari ya koma baya. Akwai kuma wanda aka zaunar a bencin ƙarshe ba a sa shi a lissafi ba, sai ga shi ya ba da mamaki ranar jarrabawa. A Ingila an mayar da wannan sanin na malamai ya zama lissafi. Ana ɗaukar makin da yaro ya samu yana ɗan shekara 11, a dubi abin da tsararrakinsa masu irin wannan maki suka samu a jarrabawar GCSE suna 'yan shekara 16, sannan a ce wannan shi ne abin da ake tsammani daga gare shi. In ya ɗara haka, a rubuta wa makarantarsa lada. In ya gaza, a rubuta mata laifi. A kan wannan tunani aka gina ma'aunin Progress 8 da aka fara amfani da shi a 2016. Ashe ke nan an ɗauka cewa ratar da ke tsakanin tsammani da sakamako aikin makaranta ce tsantsa, domin ai an riga an cire abin da yaro ya zo da shi.

Plomin da abokan aikinsa sun ce sam ba haka ba ne. Kafin a dubi hujjarsu ya kamata a fahimci hanyar da suka bi.

Plomin Ba'amurke ne da ya koma Landan da aiki a 1994, inda ya kafa wani babban bincike a kan tagwayen da aka haifa a Ingila da Wales tsakanin 1994 da 1996, fiye da tagwaye dubu goma, ana bin su tun suna goye har suka girma. Tagwaye iri biyu ne. Akwai 'yan ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu kusan ɗaya ne baki ɗaya. Akwai kuma 'yan ƙwai biyu, waɗanda suka yi tarayya a kimanin rabi, kamar sauran 'yan uwa shaƙiƙai. Tunda kowane Hassan da Husaini gida ɗaya suka tashi, to in aka ga 'yan ƙwai ɗaya sun fi 'yan ƙwai biyu yin kusa da juna a maki, sai a jingina wannan fifiko ga ƙwayoyin halitta. Adadin da ake samu daga wannan lissafi za mu kira shi kason gado. A 2013 suka ba da rahoto a kan tagwaye 11,117 cewa kason gado a manyan darussan GCSE kashi 58 ne cikin ɗari. Mai karatu ya lura, wannan ba ya nufin kashi 58 na makin wani yaro daga iyayensa ya zo, sauran 42 kuma daga malaminsa. Magana ce a kan bambancin da ke tsakanin yara a cikin wata jama'a, a wani zamani. A kan yaro guda ɗaya adadin ba ya cewa komai. Marubutan sun san haka, sun ma faɗe shi a littattafan biyu, sai dai in an yi nisa cikin babi sukan yi magana kamar sun manta.

Binciken da ya fi shafar zancenmu shi ne wanda Claire Haworth da Asbury da Philip Dale da Plomin suka buga a 2011, a kan tagwaye dubu huɗu 'yan shekara 12. Sun fara da ɗanyen maki, suka tarar kason gado kimanin kashi 50 ne, muhallin da tagwaye suka yi tarayya a ciki, wato gida da unguwa da makaranta, kimanin kashi 25. Daga nan suka cire abin da gwajin basira da makin baya za su iya hasashe, suka bar ratar kaɗai, wato zarcewa ko gazawa. Abin da kowa zai zata shi ne kason gado ya faɗi, na makaranta ya tashi. Sai aka sami akasin haka: kason gado ya tsaya a wajen kashi 50, na muhallin tarayya kuma ya sauka zuwa kimanin 12.

Dole a yaba wa wannan aiki, kuma dole a karɓi wani ɓangare na darasinsa. Yaro ba tulu ba ne da makaranta take cikawa gwargwadon girman bakinsa. Bayan basira akwai naci, da juriya, da yarda da kai, da iya zama wuri ɗaya, da lafiyar jiki, kuma duk waɗannan akwai hannun gado a cikinsu. Wani bincike na wannan ƙungiya da Eva Krapohl ta jagoranta a 2014 ya nuna cewa basira ita kaɗai ba ta ɗauke nauyin kason gadon GCSE ba, sai an haɗa da irin waɗannan halaye. Saboda haka hukumar da ta ɗauki ratar maki ta rataya wa malami a wuya, ta ce duk aikinsa ne ko duk sakacinsa ne, ta zalunce shi ko ta ba shi ladan da ba nasa ba. Wannan gargaɗi ne mai amfani ga duk inda ake son auna malamai da sakamakon ɗalibansu, kuma da littattafan sun tsaya a nan da babu abin cewa.

Amma akwai abin dubawa a cikin lissafin kansa. Makin da yaro ya samu yana ɗan shekara 10 ba daga sama ya faɗo ba. Ya riga ya sha ruwan gida da na makaranta shekara da shekaru. In aka cire shi, an cire tasirin gida da na makaranta na duk waɗannan shekaru tare da shi, don haka ba abin mamaki ba ne a ga kason muhallin tarayya ya ragu. Haka ma gwajin basirar da ake ɗauka tamkar awon abin da aka haifi yaro da shi. Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun tattara bincike a kan mutum fiye da 600,000 a 2018, suka tarar kowace shekarar karatu tana ƙara maki ɗaya zuwa biyar a wannan gwaji. Wato mudun da ake auna aikin makaranta da shi, ita makarantar ce ta taya ƙera shi. Wanda ya cire shi daga lissafi sannan ya juyo ya ce bai ga hannun makaranta ba, ya yi kama da wanda ya kwashe hatsi daga rumbu ya zo yana shaida cewa gonar ba ta yi albarka ba.

A Blueprint Plomin ya ƙara gaba. Ya ce iyaye da makarantu suna da muhimmanci, amma ba su ne suke kawo bambanci tsakanin yara ba. Daga cikin hujjojinsa akwai binciken Emily Smith-Woolley na 2018, wanda ya nuna cewa nau'in makaranta, ta kuɗi ce ko ta zaɓaɓɓu ko ta kowa da kowa, yana bayyana kimanin kashi 7 na bambancin makin GCSE, amma in an cire abubuwan da ake zaɓen yara da su sai ya koma ƙasa da kashi 1. Sai dai a tuna inda aka yi awon. Ingila ƙasa ce da karatu yake wajibi ga kowane yaro, akwai manhaja ta ƙasa tun 1988, akwai masu duba makarantu, kuma makarantar da ta fi kowace lalacewa tana da rufi da littattafai da malami a aji. Inda makarantu suka yi kusa da juna haka, dole bambancinsu ya yi ƙaranci a lissafi, na gado kuma ya yi yawa. Richard Lewontin ya ba da misalin tun 1970, kuma duk manomi zai gane shi. A ɗebi iri daga buhu ɗaya, a shuka rabi a gonar da ta sha taki, rabi a fako. Bambancin tsawo tsakanin karan da ke cikin gona ɗaya yana iya zama na iri ne gaba ɗaya, amma bambancin da ke tsakanin gonakin biyu na ƙasa ne. Kason gado mai yawa a gonar farko ba ya nuna cewa taki banza ne.

Tarihi ma ya ba da shaida. Nazarin tagwayen Norway da Andrew Heath ya buga a 1985 ya nuna kason gado a zurfin karatu ya ƙaru ga mazan da aka haifa bayan 1940, lokacin da ƙofar makaranta ta buɗe wa kowa. Kaili Rimfeld, wadda da Plomin ɗin suka yi aikin, ta sami irin wannan a Estoniya a 2018: tasirin ƙwayoyin halitta a kan karatu ya fi ƙarfi ga waɗanda suka yi makaranta bayan rushewar mulkin Sobiyet. Jinin mutanen bai sauya ba a cikin ƙarni ɗaya. Tsarin makaranta ne ya sauya, adadin ya bi shi. Kason gado ashe yana ba da labarin hukumar ilmi kamar yadda yake ba da labarin jini.

A nan ne harshenmu yake da abin faɗa. Kalmar gado a Hausa ba ta taɓa raba jini da gida ba. Ana gadon dukiya, ana gadon sarauta, ana gadon ƙira da wanzanci da fawa da malanta, ana kuma gadon kama da murya da ciwo. In aka ce wane a nono ya sha, ba a fayyace ko abin a cikin jini yake ko a cikin reno ba. In aka ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya, ana maganar yaron da ya buɗe ido ya ga uwar maƙera a zauren gidansu, ya fara zuga tun hannunsa bai ƙosa ba, ya ji sunan kowace guduma kafin ya iya ƙirga. Wa zai iya cewa ga rabon jini, ga rabon zaure? Mai son tsantsar kimiyya zai ce wannan rashin tantancewa ne irin na maganar yau da kullum. To amma binciken ƙwayoyin halitta na baya-bayan nan ya dawo ya tarar da cewa su ma alkalumansa haka suke a cakuɗe.

Ga yadda abin ya faru. Bayan an sami damar karanta sinadarin DNA da araha, masana suka daina dogara da tagwaye kaɗai, suka shiga neman guraben da ke da alaƙa da yawan shekarun karatu. A 2013, cikin mutum kimanin 126,000, gurbi uku kacal aka samu. A 2018 James Lee da abokan aikinsa suka duba mutum miliyan 1.1 suka sami 1,271. A 2022 Aysu Okbay da nata abokan suka duba miliyan 3 suka sami 3,952. Kowane gurbi tasirinsa bai taka kara ya karya ba, amma in aka tara su sai a fitar wa kowane mutum da adadi guda, wanda za mu kira makin gado. Na 2022 yana bayyana kashi 12 zuwa 16 na bambancin shekarun karatu. A kan wannan maki Plomin ya ɗora burinsa, har yana kwatanta shi da mai duba wanda yake faɗin gobe tun ranar haihuwa.

Sai Augustine Kong ya yi wata dabara a 2018 da mutum 21,637 na ƙasar Aisilan. Kowane uba ko uwa rabin ƙwayoyinsa yake ba ɗa, rabi ya tsaya a jikinsa. Kong ya auna wannan rabin da bai wuce zuwa ga ɗan ba, ya tarar shi ma yana hasashen zurfin karatun ɗan, da ƙarfin da ya kai kimanin kashi 30 cikin ɗari na wanda ya wuce. Ƙwayar da ba ta jikin yaro ba ta da hanyar taɓa shi sai ta gidan da iyayen suka gina masa: littafin da ke ɗaki, da hirar da ake yi a tsakar gida, da unguwar da aka zauna, da kuɗin da aka samu. Rosa Cheesman ta tabbatar da haka ta wata fuska a 2020, inda ta nuna cewa makin gado yana hasashen karatun waɗanda suka tashi a hannun iyayensu ninki biyu na yadda yake yi ga waɗanda aka ɗauka riƙo. In aka kwatanta 'yan uwa shaƙiƙai na gida ɗaya kuwa, ƙarfin makin yakan ragu da kimanin rabi. Ma'ana, abin da aka sa wa suna makin ƙwayoyin halitta yana ɗauke da zauren maƙerin a cikinsa. Bahaushen da ya kira duka biyun gado bai yi kuskure ba; wanda ya fassara kalmar da jini kaɗai shi ne ya rage mata ma'ana. Blueprint ya fito ne a shekarar da aikin Kong ya fito, kuma bai ba wannan matsala nauyin da ya kamace ta ba, alhali ita ce take girgiza maganar cewa gida ba ya kawo bambanci.

Mu ɗauka ma makin tsarkakakke ne. Shin zai amfani malamin da ke tsaye gaban aji? Asbury da Plomin sun ce zai amfana, domin da shi za a gane yaron da zai sha wuya tun kafin ya fara, a tsara wa kowa karatu daidai da halittarsa. Niyyar tana da kyau, kuma adalci ne a faɗi cewa ba su nemi a ware kowa a jefar ba. Ƙarin taimako suke nema wa mai rauni. Amma an gwada. Tim Morris da Neil Davies da George Davey Smith sun ɗauki yara kimanin 3,500 na yankin Bristol, waɗanda aka haifa a farkon shekarun 1990, suka buga sakamakon a 2020. Sun tarar makin gado yana iya raba rukuni da rukuni, amma in aka zo ga yaro ɗaya sai ya yi ta kuskure, kuma da zarar an san makin da yaron ya samu a baya, DNA ba ta ƙara wani abin kirki. Littafin rajistar malami ya fi ɗakin gwaji sanin yaron. Ko a binciken 2018 mai mutum miliyan, kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda ke rukunin ƙasa sun gama jami'a, kimanin rabin na rukunin sama kuma ba su gama ba. Waɗannan ba tsiraru ba ne da za a kau da kai daga gare su. Su ne ainihin yaran da muka fara magana a kansu, masu zarce tsammani da masu gaza shi, kuma su ne makin ba ya gani.

Ingila ta ɗanɗana abin da ke faruwa in aka ɗora lissafin rukuni a kan mutum ɗaya. A 2020, da annobar korona ta hana zama jarrabawa, hukumar da ke kula da jarrabawa ta yi amfani da wani lissafi wanda ya dogara da tarihin kowace makaranta don daidaita makin da malamai suka bayar. Kusan kashi 40 na makin A-level aka rage, kuma haziƙin yaron da ke makarantar da ba ta saba cin jarrabawa ba shi ne ya fi shiga haɗari. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye tsarin. Babu DNA a wannan lissafi, amma ginshiƙinsa ɗaya ne da na makin gado, wato a hukunta yaro da abin da irinsa suka saba yi.

Akwai kuma abin da littattafan biyu suka yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne cewa tsammani ba ya tsayawa a takarda. Yakan shiga idon malami, ya fito a muryarsa. Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun buga gwajinsu a 1968: sun zaɓi kashi 20 na yaran wata firamare a Kalifoniya da ƙuri'a, suka gaya wa malamai cewa gwaji ya nuna waɗannan za su bunƙasa, sai kuwa 'yan aji ɗaya da biyu daga cikinsu suka yi gaba. An soki wannan aiki sosai, kuma sukar tana da tushe. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin ƙarami ne a galibi. Amma Stephen Raudenbush ya gano a 1984 cewa yana yin ƙarfi ne idan malami bai riga ya san yaron ba, Lee Jussim da Kent Harber kuma suka nuna a 2005 cewa ya fi kama yaran da dama ake yi wa kallon raini. To makin gado a irin wannan lokaci zai iso, kafin malami ya ji muryar yaro, kuma da hatimin kimiyya a kansa. Malamin da ya yi wa yaro mummunan zato saboda tufafinsa yana iya jin kunya ya gyara. Wanda aka miƙa wa takarda daga ɗakin gwaji ba shi da dalilin jin kunya.

Wannan ba tsoro ba ne na abin da bai taɓa faruwa ba. Bayan dokar ilmi ta 1944, yaran Ingila sun yi shekaru ana raba su da jarrabawa suna 'yan shekara 11, kaɗan su tafi makarantar da ke kai wa jami'a, mafi yawa su tafi wadda ba ta kaiwa. Cyril Burt, wanda ya fi kowa kare ra'ayin cewa basira gado ce kuma ba ta sauyawa, ya mutu a 1971. Bayan mutuwarsa Leon Kamin ya lura a 1974 cewa ma'aunin kamanni tsakanin tagwayensa da aka raba ya tsaya cak a 0.771, ko da yawansu ya tashi daga 21 zuwa 53, abin da hankali ba ya ɗauka. A 1976 zargin ƙirƙirar alkaluma ya fito a jarida. Daga baya wasu sun kare shi, kuma binciken tagwaye na gaskiya ya ba da adadin da bai yi nisa da nasa ba. Ba ana kwatanta Plomin da Burt ba ne ta fuskar amana. Aikin Plomin a buɗe yake, an maimaita shi. Abin tunawa shi ne yadda hukuma take saurin rungumar adadin da zai sauƙaƙa mata rabon kujeru. A 2013 Dominic Cummings, mai ba ministan ilmin Ingila shawara a lokacin, ya kafa hujja da aikin Plomin a wata doguwar takarda da ta tayar da ƙura. Masani yana iya nufin taimako, amma ba shi ne yake riƙe da kasafin kuɗi ba.

Ga mu kuwa, akwai dalili na musamman da zai sa a yi hattara in wannan ra'ayi ya iso cikin littattafan horar da malamai. Alicia Martin da abokan aikinta sun ƙirga a 2019 cewa kimanin kashi 79 na mutanen da aka yi irin wannan bincike da su 'yan asalin Turai ne, alhali ba su wuce kashi 16 na mutanen duniya ba. Makin da aka ƙera da jinin Turawa yana rasa mafi yawan ƙarfinsa in aka gwada shi a kan 'yan asalin Afirka, saboda yadda guraben suke haɗe da juna ya bambanta, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin halitta. A binciken 2022, makin da ya bayyana kashi 12 zuwa 16 ga fararen fata bai kai kashi 3 ba ga baƙaƙen Amurka. Su kansu masu binciken sun yi kashedi cewa ba a kwatanta ƙabila da ƙabila da shi. Bayan wannan ga maganar harshe. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, aka gwada shi da Ingilishi ko Faransanci, makinsa na farko awon baƙon harshe ne kafin ya zama awon basira, kuma a kan wannan maki ake gina tsammanin da zai bi shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna cewa sauya harshen koyarwa yana iya ɗaga sakamako. Yaran su ne dai, ƙwayoyinsu su ne dai.

Masanin tattalin arziki Arthur Goldberger ya yi wata magana a 1979 da ta dace da nan: ko da raunin gani gado ne ɗari bisa ɗari, wannan ba hujja ba ce ta hana raba tabarau. Kathryn Paige Harden, wadda ita ma ta yarda da tasirin ƙwayoyin halitta kamar Plomin amma ta saɓa masa a abin da za a yi da shi, ta nuna misalin tabarau ɗin a aikace. A 2020 ta bi ɗalibai kimanin 3,000 na makarantun sakandaren Amurka, ta duba yadda suke ci gaba da darasin lissafi daga aji zuwa aji. Masu makin gado mai yawa sun fi shiga ajin lissafi mai zurfi, sun kuma fi daɗewa a ciki, kamar yadda Plomin zai yi hasashe. Amma da aka dubi masu ƙaramin maki, sai aka ga makomarsu ta danganta da makarantar da suka shiga. A makarantun marasa galihu sukan yar da lissafi da wuri, a makarantun masu hali kuwa yara masu irin wannan makin sun ci gaba da zama a aji.